Murar Tsuntsaye: Daga Fadamar Auyo Zuwa Akurkin Gida

Gabatarwa

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan da ya malale ƙasar Auyo ya fara komawa cikin kogin Haɗeja, sai tafkuna da kududdufan da ya bari a baya su cika da tsuntsaye. Wasunsu 'yan gida ne da kowa ya sani, kamar dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Wasu kuwa baƙi ne daga Turai da arewacin Asiya, waɗanda kan gudo wa sanyin ƙasashensu, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su yi hunturu a wurinmu, sa'an nan su koma wajen watan Maris.

Waɗannan baƙi sun daɗe suna zuwa, tun kaka da kakanni. Amma daga shekarar 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta fara hallaka kaji a Nijeriya, jama'a suka fara yi musu wani irin kallo. Bayan wahalar da aka sha a annobar korona, da kuma labarin da ya zo a 2024 cewa cutar ta kama shanu da masu tatsarsu a Amurka, tambayoyi sun ƙaru. Shin cutar kaji tana kama mutum? In tana kamawa, za ta iya zama annobar da za ta game duniya? Wannan maƙala za ta duba amsar da kimiyya ta bayar, da kuma rawar da gidajenmu za su taka.

Mece ce murar tsuntsaye?

Ƙwayar cuta ce ta dangin bairos take haddasa ta, 'yar uwar wadda ke sa mu mura mai zafi a lokacin sanyi. Ƙanƙantarta ta kai a jera guda 10,000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar jikin wata dabba, ta tilasta mata buga dubban irinta.

A bayan wannan bairos akwai ƙayoyi iri biyu, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da haruffan H da N. Ƙayar H ita ce take maƙalewa a jikin ƙwayar halitta don bairos ya shiga, ƙayar N kuma ita ce take yanke sababbin da aka buga don su fita su kama wasu. A cikin tsuntsaye an san aƙalla iri 16 na H da iri 9 na N. Saboda haka idan mai karatu ya ga an rubuta H5N1, ma'anarsa bairos mai H na biyar da N na ɗaya.

Asalin mazaunin waɗannan ƙwayoyi shi ne hanjin tsuntsayen ruwa na daji. Galibinsu ba sa yi wa tsuntsun lahani, yana ɗauke da su yana kiwonsa, yana zubar da su cikin ruwa ta kashinsa. Matsala takan taso idan iri na H5 ko H7 ya shiga cikin kaji masu yawa ya daɗe yana zagayawa, domin a nan ne yakan rikiɗe ya zama mai kisa. Irin wannan yana iya share akurki ko gona sukutum cikin kwana biyu ko uku.

An fara ganin H5N1 mai kisa a jikin dinyar gida a lardin Guwandon na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ya kama mutum 18 a Honkon, 6 suka rasu, hukuma ta sa aka hallaka kaji fiye da miliyan ɗaya. A 2005 ya kashe tsuntsayen daji fiye da 6,000 a tafkin Cinhai na ƙasar Sin, daga nan ya nausa yamma zuwa Rasha da Turai.

Yadda ta shigo Nijeriya

Ranar 8 ga Fabrairu, 2006, aka ba da sanarwar cewa H5N1 ne ya kashe kaji kimanin 40,000 a gonar Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da shi a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an same shi a Kano da Filato da wasu jihohi, ya kuma ƙetara zuwa Magarya a Jamhuriyar Nijar. Zuwa 2008 ya taɓa jihohi 25 da Abuja, tsuntsu fiye da miliyan ɗaya ya salwanta. Ya lafa na wasu shekaru, sai ya sake ɓulla a Kano da Legas a farkon 2015, a wannan karon asarar ta haura miliyan uku. Ya kuma dawowa a 2021.

A watan Janairu na 2007 wata mata mai shekara 22 ta rasu a Legas bayan ta fige wata kaza ta gyara ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar H5N1 ne ya yi ajalinta. Ke nan tambaya ta farko ta sami amsa a cikin ƙasarmu: cutar tana kama mutum, tana kuma kisa.

Matsayin fadamar Haɗeja

Kogin Haɗeja, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa, yana ratsa ƙasar Auyo kafin ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Wannan dausayi yana cikin manyan masaukan tsuntsayen ruwa a yankin Sahel, shi ya sa aka sanya Baturiya da Dagona da tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya. Bugu da ƙari, Shirin Noman Rani na Kwarin Haɗeja ya sa ruwa ba ya yankewa a gonakin shinkafa na wajen Gamsarka da Ayama ko da tsakiyar rani. Inda ruwa da hatsi suke kuwa, nan tsuntsu yake.

A watan Fabrairu na 2007 wasu masana sun kama tsuntsayen daji a wannan dausayi don gwaji. A jikin wata kirinjijiya da wata dinya sun sami H5N2 mai siffar kisa, alhali tsuntsayen biyu garau suke. Suka ɗaura wa kirinjijiyar wata 'yar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, suka sake ta. Ta rayu fiye da wata guda ana bin sawunta, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita har ƙasar Cadi. Wannan bincike ya nuna cewa tsuntsun daji yana iya ɗaukar ƙwaya mai haɗari ya yi doguwar tafiya da ita ba tare da ya nuna alamar ciwo ba.

Lokacin zuwan baƙin tsuntsaye ya dace da hunturu, shi kuwa bairos yana son sanyi. A cikin kashin tsuntsu yana iya yin fiye da wata guda a wuri mai tsananin sanyi, amma a zafi irin na bazara bai fi mako ɗaya ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa cutar ta fi tashi a Arewa tsakanin Disamba da Maris. Gadar da ke haɗa daji da gida kuwa ita ce agwagwar gida. Takan wuni a kududdufi ɗaya da 'yan uwanta na daji, da yamma ta dawo ta kwana da kaji da zabi, kuma sau da yawa ita ma ba ta nuna alamar ciwo.

Sai dai bai kamata a ɗora wa tsuntsun daji laifin duka ba. Shi yakan kawo ƙwayar yankin, amma mu ne muke yawo da ita gari-gari: a cikin kejin dillali, da tayar mota, da tiren ƙwai, da buhun kashin kaji da ake kaiwa gona don taki. Alal misali, a watan Disamba na 2024 wani matashi a ƙaramar hukumar Gwale ta Kano ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza ya haɗa ta da tsuntsayensa. Cikin tsuntsu 50, guda 35 suka mutu, gwaji kuma ya tabbatar murar tsuntsaye ce.

Me ya hana ta zama annobar mutane?

Daga 2003 zuwa ƙarshen 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum fiye da 900 da H5N1 ya kama a ƙasashe fiye da 20, kusan rabinsu suka rasu. Masar da Indunusiya ne suka fi yawan waɗanda suka kamu. Ana ganin ainihin kason mace-macen bai kai haka ba, domin wanda ciwonsa bai yi tsanani ba ba kasafai ake gwada shi ba. Duk da haka adadin yana nuna abu biyu. Cutar tana da zafi a jikin mutum, amma kamuwa da ita yana da wuya, idan aka tuna cewa miliyoyin mutane suna cuɗanya da kaji kullum.

Dalilin wannan wuya shi ne maganar makulli da kwaɗo. Ƙayar H tamkar makulli ce, a jikin ƙwayoyin halitta kuma akwai wasu sinadarai masu kama da kwaɗon ƙofa. Irin kwaɗon da ke hanjin tsuntsu dabam yake da wanda ya fi yawa a hanci da maƙogwaron mutum, saboda haka makullin H5 ba ya buɗe hancinmu da sauƙi. Amma can cikin huhun mutum, da kuma a fatar ido, akwai kwaɗo irin na tsuntsu. Wanda ya shaƙi ƙwayar da yawa har ta isa can ƙasa, yakan kamu da ciwon huhu mai tsanani. Tun da ƙwayar ba ta zauna a hanci ba, ba ta fita da yawa cikin tari da atishawa, shi ya sa ba ta saurin kama na kusa da shi.

Akwai kuma batun zafin jiki. Jikin tsuntsu yana kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyos, hancin mutum kuwa wajen digiri 33 ne. Bairos da ya saba da zafin hanjin agwagwa ba ya hayayyafa sosai a wuri mai sanyi haka.

An taɓa samun 'yan lokuta da cutar ta tsallaka daga majinyaci zuwa mai jinyarsa, kamar yadda ya faru ga wani iyali a tsibirin Sumatara na Indunusiya a 2006, inda mutum bakwai suka rasu. A kowane karo sarƙar takan yanke nan kusa.

To, mene ne abin tsoron?

Abin tsoron shi ne bairos na mura ba ya zama da kama ɗaya. Hanya biyu yake bi ya sauya. Ta farko ita ce kuskuren kwafi: duk lokacin da ya hayayyafa akan sami 'yan kurakurai a cikin bayanan gadonsa, kamar ɗalibin da ke kwafar rubutu daga allo cikin gaggawa. Yawancin kurakuran ba su da amfani gare shi, amma jefi-jefi wani yakan gyara masa makulli. A 2012 masana a Holan da Amurka sun wallafa gwaje-gwajen da suka yi da wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda hanyar numfashinta ta yi kama da tamu. Sun nuna cewa sauye-sauye kaɗan, kimanin biyar, sun isa su sa ƙwayar H5 ta riƙa yaɗuwa ta iska a tsakanin dabbobin.

Hanya ta biyu ita ce musaya. Bayanan gadon bairos na mura a rabe suke gutsure takwas. Idan iri biyu suka shiga ƙwayar halitta ɗaya a lokaci guda, sai gutsattsarin su cakuɗe, a haifi sabon iri mai ɗauke da wasu daga nan, wasu daga can. Wannan na iya faruwa a jikin tsuntsu, ko alade, ko mutumin da yake fama da murar hunturu sai kuma ya kamu da ta kaji. Ta wannan hanya aka sami annobar 1957, wadda ta ɗauko gutsure uku daga tsuntsaye, da ta 1968, wadda ta ɗauko biyu. Kowaccensu ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya. A Nijeriya ma bincike ya nuna cewa zuriya uku na H5N1 ne suka shigo a 2006, kuma zuwa 2007 an sami waɗanda suka cakuɗe da juna a jikin kajinmu.

Dattawan ƙasar Hausa sun bar mana sunan babbar annobar mura ta 1918, wato marisuwa. Ta sauka Legas a watan Satumba na shekarar a cikin wani jirgin ruwa mai suna Bida, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta fatake zuwa Arewa. An ƙiyasta ta kashe mutum kimanin 500,000 a Nijeriya, da kimanin miliyan 50 a duniya. Binciken zamani ya nuna ƙwayarta tana da dangantaka ta kusa da ƙwayoyin murar tsuntsaye.

Abin da ya ƙara ɗaga hankalin masana shi ne sabuwar zuriyar H5N1 da ta bazu tun daga 2020. A watan Janairu na 2021 ta kashe kwasakwasa kimanin 750 a dausayin Juj na ƙasar Sanagal. A 2023 ta hallaka dubban dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Feru da Ajantina. A watan Maris na 2024 aka same ta a jikin shanun tatsa a jihar Teksas, zuwa tsakiyar 2025 kuma ta shiga garke fiye da 1,000 a jihohi 17 na Amurka. Mutum 70 suka kamu a can a wannan tsakani, yawancinsu ma'aikatan gona da suka yi jan ido da ɗan zazzaɓi suka warke, amma mutum ɗaya ya rasu a jihar Luwiziyana a Janairun 2025. Duk dabba mai shayarwa da ƙwayar ta shiga, ta sami wurin koyon zama a jiki irin namu.

Saboda haka haɗarin yana tafiya ne da yawan haɗuwa. Kowane mutum ko dabba da ƙwayar ta kama, dama ce aka ba ta ta sake gwada makulli. In aka rage yawan damar, an rage yiwuwar ta dace.

Inda gizo ke saƙa

A ƙauyukanmu kaza ita ce asusun mace. Da ita ake sayen littafin yaro da magani, da ita ake karɓar baƙo. Saboda haka idan kaji suka fara langaɓewa, abu biyu aka saba yi: a yi maza a yanka kada ta yi mushe, sauran kuma a kai kasuwa tun suna tsaye. Ba wanda zai zargi mai neman tsira da dukiyarsa, amma waɗannan hanyoyi biyu su ne mafi haɗari. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe bairos. Dafuwa ce take kashe shi, idan zafi ya ratsa naman ya kai digiri 70. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai yanka, da mai figa, da mai fitar da kayan ciki, da yaron da ke wasa da gashin. A Masar, mata da ƙananan yara suna da yawa cikin waɗanda suka kamu, saboda su ne ke kula da kajin gida.

Akwai hakki a kan hukuma a nan. A 2006 diyyar da aka fara sanarwa ita ce naira 250 kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗinta a kasuwa ba, sai daga baya aka ƙara. Idan diyya ta yi kaɗan ko ta makara, mai kaji yakan ɓoye, cuta kuma ta bi kasuwa.

Abin da ya kamata a yi

Alamomin cutar a jikin kaji sun haɗa da mutuwar farat ɗaya da yawa, kumburin kai, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, jini ya taru a ƙarƙashin fatar ƙafa, zawo, da daina ƙwai. Ido ba ya iya bambanta ta da cutar Niyukasil, wadda ita ma takan share kaji da hunturu. Gwaji kaɗai ke rarrabewa, irin wanda ake yi a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Don haka:

1. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa, a sanar da malamin dabbobi, ko mai unguwa ko dagaci, a ranar. Kada a yanka, kada a sayar, kada a bayar kyauta.

2. Kada a taɓa mushen tsuntsu da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a rufe hanci da baki, a binne shi a rami mai zurfi nesa da rijiya. Kada a jefa shi a kogi ko magudanar ruwan noman rani, kada kuma a bar wa kare ko kyanwa.

3. Tsuntsun da aka sayo daga kasuwa a ware shi mako biyu zuwa uku kafin a haɗa shi da na gida. A raba makwancin agwagi da na kaji, a kuma raba na kaji da ɗakin kwanan mutane.

4. A wanke hannu da sabulu bayan gyaran kaza. A dafa nama da ƙwai sosai, a tafasa madara.

5. Maharba su guji ɗaukar tsuntsun dajin da suka tarar a kwance, su kuma daina kawo na raye cikin kajin gida. Kashe tsuntsayen daji don maganin cutar ba ya amfani, tarwatsa su kawai yake yi su kai ta wani wuri.

6. Wanda ya yi zazzaɓi da tari, ko jan ido, ko wahalar numfashi cikin kwana goma bayan ya taɓa kaji marasa lafiya, ya je asibiti, ya kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya zancen kajin. Akwai magani mai suna Tamiflu, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyu na farko.

Ga malamai da ɗalibai

Makaranta tana da abin yi. Ƙungiyar kimiyya ko ta matasa manoma za ta iya buɗe littafi, kowane ɗalibi ya riƙa kawo labarin unguwarsu mako-mako: kaji nawa suka mutu, a wane gida, wace alama aka gani, ko an shigo da sabon tsuntsu kafin nan. Ba a buƙatar taɓa komai, ido da alƙalami sun wadatar. Bayan zango ɗaya a zana jadawali a ga watan da mutuwar ta fi yawa, a kuma miƙa wa ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Wannan shi ne tushen ilmin bin sawun cututtuka, kuma da irinsa ake gano annoba tun tana ƙarama.

Kammalawa

Murar tsuntsaye tana kama mutum, amma da ƙyar, kuma ba ta sami ikon yaɗuwa daga mutum zuwa mutum yadda murar hunturu ke yi ba. Babu dalilin firgita ko ƙaurace wa naman kaza da aka dafa da kyau. Amma tarihin 1918 da 1957 da 1968 ya nuna cewa ƙwayoyin mura na tsuntsaye sun taɓa tsallake wannan shinge. Manyan ɗakunan bincike suna aikin allurar rigakafi, sai dai labarin farko ba daga can zai fito ba. Zai fito ne daga bakin matar da ta ga kajinta goma sun mutu dare ɗaya a Auyo ko Kafin Hausa, ta zaɓi ta faɗa maimakon ta kai sauran kasuwa. Wajibi ne hukuma ta sa wannan zaɓi ya zame mata mai sauƙi, mu kuma masu ilmi mu bayyana mata dalilinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu da dukiyoyinmu.